Yadda ake gyaran farfelar jirgin rimot: kaifi, guga da daidaita nauyi

'Yan uwa masu sakin ƙaramin jirgin ruwa na rimot, mu 'yan tsirarun nan na Garwa da Marwa har zuwa Kusiri da Njamena, yau maganar farfela zan yi, don ita ce na ga an fi yi wa sakaci. Mutum zai tara kuɗinsa ya yi odar inji mai ƙarfi, ya sayi batir LiPo, ya yi ta jiran kaya su sauka Duwala su hau mota har arewa, sannan ya ciro farfelar jan ƙarfe daga leda ya ɗaura ta yadda ta zo, toh wallahi wannan farfelar ba a gama ta ba. Zubi ce, daga tukunyar narka aka fito da ita, bakinta dakusasshe ne, kunne ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kamfanin ya bar maka sauran aikin ne.

Kuma kar ka ce ai ɗan bambancin nauyin ba wani abu ba ne. Injin da aka rubuta masa 2200 KV, wato juyi 2200 a minti a kan kowane volt, in ka ba shi batir 4S, wato volt 14.8, yana kaiwa juyi 30,000 da 'yan kai a minti ɗaya, sau 500 kenan a sakan. In kunne ɗaya ya fi ɗan'uwansa da gram 0.1 kacal a nisan milimita 15 daga tsakiya, a wannan gudun yana fizgar sandar da farfela ke kai da ƙarfin kusan kilo 1 da rabi, kuma fizgar zagayawa take yi ba ta tsaya waje ɗaya ba. In gudun ya ninka biyu fizgar ninki huɗu take yi. Shi ya sa za ka ji jirgi na wani irin kuka mai karkarwa, noti na kwancewa da kansa, boris ya cinye kafin lokacinsa, wata rana igiyar nan ta ƙarfe mai lanƙwasa da ke kai juyi daga inji zuwa farfela ta tsinke a tsakiyar ruwa, farfelar ta tafi ƙasan kogin Binuwai shikenan.

Fara da sanin wace iri ce a hannunka. Ta roba ba ta da wani aiki, ka kankare ɗan bakin da zubi ya bari da reza, ka shafa mata samfefa 600 a hankali, ka duba nauyinta, an gama. Ta alminiyom da inji ya sassaƙa, irin wadda ake rubuta wa CNC, yawanci da kaifinta take zuwa, ita ma dubawa kawai za ka yi. Wadda ke cin lokaci ita ce ta zubi, ta jan ƙarfe ko ta farin ƙarfe mara tsatsa, irin su Octura ta Amurka da masu kwaikwayonta na China. Lambar jikinta ma tana da ma'ana, X440 na nufin faɗinta milimita 40, kuma 4 ɗin farko na nufin 1.4 ne za ka ninka faɗin da shi, wato duk juyi ɗaya tana son ta tura jirgi milimita 56. Wasu 'yan China kuma 4014 suke rubutawa, abu ɗaya ne. Ka rubuta lambar a takarda kafin ka fara don guga na iya shafe ta.

Yanzu maganar da nake roƙon ku dan Allah ku riƙe ta da kyau. Farfelun Octura na jan ƙarfe ba tagulla zalla ba ce, akwai wani ƙarfe a ciki da ake kira beriliyom, kusan kashi 2 cikin 100, shi ke ba ta ƙarfi. Riƙe ta a hannu ba komai, amma ƙurarta in ta shiga huhu tana jawo ciwon da ba ya warkewa, kuma ba ranar za ka gani ba, sai bayan shekaru. Na China kuwa ba a rubuta abin da aka haɗa ba, don haka duk farfela mai launin jan ƙarfe ka ɗauke ta kamar akwai shi a ciki. Ba a kai ta wajen mai walda ya ɗora ta a kan dutsen guga na lantarki, sam. A jiƙe ake aikin daga farko har ƙarshe, roba da ruwa a gabanka da ɗan omo kaɗan, kana tsoma magagari da samfefa da farfelar kanta a kai a kai, da takunkumi mai kyau a hanci ba ƙyallen rawani ba. In kana da rauni a yatsa ka rufe shi tukun. Ba cin goro ba shan shayi sai ka wanke hannu. Kuma mu nan zafinmu da iskar hunturu minti kaɗan suke busar da ruwan, baƙin dattin ya koma ƙura, don haka kar ka watsar da shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ka bar shi ya kwanta, ka tsane da tsumma tun yana jiƙe, ka ƙulle a leda.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙananan magagari irin na maƙeran zinariya da masu gyaran agogo, ɗaya shimfiɗaɗɗe ɗaya mai rabin zagaye. Baƙar samfefa ta ruwa da masu fentin mota ke amfani da ita, 240, 400, 600, in ka samu 1000 da 1200 ma ka haɗa. Maka mai tawada da ba ta fita da ruwa. Sai dogon ƙusa mai zare da noti biyu da za ka ɗaure farfelar a kai ya zama maka mariƙi, don in ta fara kaifi ba za ta riƙu da yatsu ba, ka naɗa wa zaren salatif don kar ya ci cikin ramin.

Sai abin auna nauyin, wannan da kanka za ka haɗa. Ka samu ɗan katako, ka tsaga shi wuri biyu da tazarar da farfela za ta juya a tsakani ba ta taɓa komai ba, ka kafa sababbin reza biyu kaifinsu na kallon sama, tsayinsu ɗaya. Ka ɗora nibo na magina mai ɗigon ruwan nan ka tabbatar ba gangara ta kowane ɓangare, in akwai gangara sandar gangarawa za ta yi ka zaci nauyi ne. Sandar da za ka zura a farfela ita ce matsalarmu a nan. Yawancin farfelun nan raminsu inci 3/16 ne, wato milimita 4.76, mu kuma kankayeri ɗinmu, wato shagunan kayan ƙarfe, da milimita suke sayar da bakin diril, na 5 ba zai shiga ba, na 4.5 kuma lako-lako zai yi, in ko akwai lako-lako duk awon banza ne. Mafita ita ce ranar da kake odar farfela ka haɗa da ɗan guntun sanda mai wannan kaurin, ko ka yi amfani da sandar wani tsohon jirgi in ba ta lanƙwashe ba. Masu rami milimita 4 su kam sun huta. Ka gangara sandar a kan gilashi, in tana ɗingishi ka ajiye ta. Akwai kuma na mayen ƙarfe, wanda sandar ke da tsini biyu, ɗaya na taɓa mayen ɗaya na shawagi, ya fi na reza jin ƙaramin nauyi, amma wasu farfelun farin ƙarfe mayen na jansu sai ya ruɗa ka, ka gwada tukun.

Toh mu zo kan farfelar. Ka ɗauki kowane kunne kamar cokali, yana da ciki yana da baya. Cikin cokalin, mai lotsawa, shi ke kallon bayan jirgi, shi ke tura ruwa, kuma siffarsa ita ce farfelar gaba ɗaya, ba a sa masa magagari. Bayan cokalin, mai tudu, shi ke kallon jirgin, ɓangare ɗaya da tsagar da ke kan cibiya, wato tsakiyar farfela mai ramin, duk abin da za ka rage daga nan za ka rage shi. In ka riƙe wannan kaɗai ma ka tsira daga ɓata farfela. Sannan baki biyu ne, bakin gaba mai dogon lanƙwasa wanda ke fara shiga ruwa, da bakin baya miƙaƙƙe mai kauri inda ruwa ke rabuwa da ita.

Abu na farko ka wanke ta, ka zura sandar ka ji ko tana shiga ba tilas ba lako-lako, in akwai ɗan tsiro a cikin ramin ka naɗe samfefa 400 ka share shi kaɗan. Ka gwada tsagar cibiya a kan haƙoran nan biyu na sandar jirgi da ke kama ta, ta zauna daram har ƙasa, in ba ta zauna ba ka buɗa tsagar kaɗan kaɗan ta gefe biyu daidai. Ka kwantar da ita a kwali ka zana kunne ɗaya da biro, ka juya ɗayan ya hau kan zanen, ka ga ko tsayinsu da faɗinsu ɗaya. In ɗaya ya ɗan fi, yanzu ne lokacin da za ka daidaita shi, ba bayan ka yi kaifi ba.

Daga nan ka ɗora ta a kan reza tun ba ka taɓa ta ba. A kashe fanka, a rufe taga, ko numfashinka ma ka kau da shi gefe. Kunnen da ya fi nauyi zai sauka ƙasa. Ka ɗaga ta ka sake ajiyewa ta wani gefen sau uku ko huɗu, in kullum shi ke sauka ka sa masa ɗigo da maka a kan cibiya.

Ka fara da mara nauyin. Dalili kuwa shi ne shi za ka kai siffar da kake so da ɗan abin da ya rage masa, sannan ka sauko da mai nauyin ya same shi, in ka yi akasin haka za ka yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya har su zama takarda. Ka shafe bayan cokalin duka da maka ya yi baƙi, don ka riƙa ganin inda magagari ya ci da inda bai ci ba. Ka riƙa tura magagarin daga tsakiyar kunne zuwa bakin gaba, yana bin tudun, ba ka tsaya waje ɗaya ka yi fili ba. Abin da ake nema gangara ce doguwa, kunnen ya fara da siriri sosai a bakin gaba ya yi ta kauri a hankali har bakin baya. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya karkata magagari ya yi ɗan gajeren kaifi a bakin kawai, milimita ɗaya ko biyu, ya ji yana yanka ya ce ya gama, alhali bayan kaifin akwai kafaɗa mai kauri da ruwa zai ci karo da ita. Gangarar ta kai aƙalla sulusin faɗin kunnen, in ta kai rabi ma ya fi.

Kusa da cibiya ka sassauta hannu. Gindin kunne shi ke ɗauke da duk wahalar, musamman a jiragen gudu inda rabin farfela ne kawai ke cikin ruwa, kowane kunne na marin ruwa ya fita ya sake dawowa, in ka sirantar da gindin zai buɗe ko ya karye. Can ƙarshen kunne kuma kar ka ci tsayinsa. Ka riƙa ɗaga ta kana kallon bakin ta wajen haske, muddin kana ganin wani siririn layi na ƙyalli a kan bakin toh bai yi ba tukun, in layin ya ɓace ya yi. Za ka ji ɗan ƙaiƙayi ya lanƙwaso ta cikin cokali, wajen yin kaifi wannan kaɗai ne dalilin taɓa cikin, ka shafe shi da 600 a kwance sau biyu ko uku.

Bakin baya ba a yi masa kaifi kuma ba a zagaye shi. Ka ɗora shimfiɗaɗɗen magagari ka share shi ya zama miƙe, kusurwoyinsa biyu tsaf, don ruwa ya rabu da shi nan take. In ka zagaye shi ruwan bin sa zai yi yana riƙe farfelar. In kuma ka ga ɗan lanƙwasa zuwa ciki a ƙarshen bakin, kamfani ne ya sa, ka bar shi.

In kunne na farko ya yi, ka koma kan mai ɗigo ka yi masa irin wannan aikin, kana ɗorawa a reza bayan kowane ɗan lokaci, kuma ka shanya ta da tsumma kafin ka ɗora, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya yi maka ƙarya. Ka sani nauyin da ke can ƙarshen kunne ya fi na kusa da cibiya tasiri nesa ba kusa ba, don haka in bambancin babba ne ka rage daga rabin waje, ka baza ragin a faɗin bayan cokalin, in ƙarami ne ka matso ciki. Da ka ga ta fara saukowa a hankali kamar tana shawara, ajiye magagari, sauran na samfefa ne.

Samfefa 240 ta share sawun magagari, 400 ta share na 240, haka har 600, kowace ka canza mata hanya kaɗan don ka gane ko sawun ta baya ya fita. Ka naɗa ta a jikin ɗan icce ko biro. Cikin cokali ka fara masa daga 400 ko 600, shafa kawai don ƙurajen zubi su kwanta, kuma adadin shafar da ka yi wa wannan kunnen ka yi wa wancan.

Ga inda mutane ke tsayawa da wuri. Sun ga kunnuwa biyu sun kwanta a gicciye sai su ce ta daidaita. A'a. Farfelar da ta daidaita duk yadda ka ajiye ta haka za ta tsaya, a tsaye, a gicciye, a karkace. In kullum tana komawa gicciye kuma gefe ɗaya na cibiya ne ke kallon ƙasa, ko da ka juya ta sai ta dawo, toh nauyin na wannan gefen ne, ka rage kaɗan daga jikin cibiyar ta nan, ko daga sashen kunnuwan da ya faɗo ta wannan gefen, a bayan cokali dai. Mai kunne uku kuma ka sa musu 1, 2, 3. In ɗaya ya kalli ƙasa sak shi ne mai nauyi. In ɗaya ya kalli sama sak shi ne mara nauyi, sauran biyun za ka rage. In ta tsaya a karkace, na ƙasa sosai ka rage da yawa, mai bi masa ka rage kaɗan. Tana cin haƙuri, in idonka ya gaji ka bari sai gobe da safe.

Maganar ƙyalli, ni ra'ayina a fili yake, ƙyalli ado ne. Akwai masu kaiwa har 1200 su bi da man goge ƙarfe irin Autosol ko Brasso a tsumma har ka ga fuskarka, akwai kuma masu tsere da yawa da ke tsayawa a 600 da gangan. Farfela mai kaifi da daidaiton nauyi da aka bari a 600 ta fi mai sheƙi da bakinta ya dakushe, kuma yawan guga da man shi ke dakusar da bakin gaba ya zagaye kusurwar bakin baya da ka sha wahala a kai. In kana son sheƙin ka yi da hannu, tsumman na tafiya daga tsakiya zuwa baki ba ya hawa kan kaifin, ka wanke man tas daga cikin rami da tsaga, ka sake ɗorawa a reza.

Wajen ɗaurawa ka cire batir tukun, yanzu abin da ke hannunka yanka yake. Ka bar 'yar tazara tsakanin abin da ke kama farfela da ƙafar da ke riƙe sandar, kamar kaurin igiyar kanta, don igiyar na gajarta in inji ya ɗauki nauyi. Ka sa giris, ka ɗaure da noti mai roba a ciki. Kar ka ba ta wuta sosai a iska.

A ruwa ka yi minti ɗaya kawai ka dawo da shi ka taɓa inji da ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudun inji, da batir, in ba ka iya barin yatsa a kan inji na 'yan sakanni ba toh ya yi zafi, farfelar ta yi masa girma, ka sauko lamba. A watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40, ruwan da ke sanyaya injin shi ma ɗumi ne, farfelar da ta yi maka daidai a Disamba tana iya dafa maka ESC. Abin da ya kamata ka ji shi ne kukan ya zama siriri ba karkarwa. Yawancin farfelun nan in ka tsaya a bayan jirgi hagu suke juyawa, shi ya sa jirgi ke son kwantawa dama yana jan dama, kuma dakusasshiyar farfela ta fi yin haka, bayan kaifi za ka ga jan ya ragu ko da bai tafi duka ba.

Ka zaɓi wurin gwaji da hankali. Binuwai da rani yashi ne ko'ina a ƙarƙashin ɗan ruwa, taɓawa ɗaya ta isa ta naɗe bakin da ka yini kana yi. A tafkunan Lagdo da Maga akwai ragar masunta, ka yi musu sallama ka tambayi inda suka zuba, abincinsu ne. Dorina kuma tana nan a kogunan Binuwai da Shari, kuma ruwan da ba ya gudu akwai tsargiya, in jirgi ya mutu a tsakiya kar ka tura yaro ya yi iyo, a nemi mai kwalekwale. Duk ranar da farfela ta taɓa yashi ko icce ka kwance ta a gida, ka bi bakin da farce ka ji inda ya naɗe, ka gyara da 600 a jiƙe ta bayan cokali, ka rage daidai hakan a ɗayan kunnen, ka mayar da ita kan reza kafin ta sake shiga ruwa.